Idan Kifi Ya Ƙi Ci, Ruwa Ake Tambaya

Ƙaramin kifin teku mai launin ruwan lemo ko shuɗi da ake gani a tankin gilashi a zauren wani otal na Abuja, ko a falon wani babban ma'aikaci a Kano, ya sha doguwar tafiya kafin ya iso nan. Akasari daga tekun Indonesiya ko na Filifin aka kamo shi, a tsakanin duwatsun murjani. Ya zauna a rumbun dillali, an hana shi abinci kwana ɗaya ko biyu da gangan, an ɗaure shi a leda da ruwa kaɗan da iskar oksijin, an jera ledar a kwali, jirgin sama ya ɗauko shi cikin duhu. Wanda ya saye shi, in ya san abin da yake yi, ba zai zuba shi cikin sauran kifayensa ba. Zai ware masa wani ƙaramin tanki na daban, ya killace shi na wasu makonni. A nan ne matsalar take farawa. Ya barbaɗa masa abinci, kifin ya kawar da kai. Washegari ma haka. A rana ta uku hankalin mai kifi ya tashi, domin kuɗi ya kashe ba kaɗan ba, kuma rai ne a hannunsa.

Abin da zuciya ke raya wa mutum a wannan lokaci shi ne ya ƙara abinci, ya canza wani, ya kuma canza wani, in duk ba su yi ba ya koma kan magani. Wannan shi ne jerin matakan da ya fi kashe sabon kifi. Kifin da ya ƙi ci yana ba da rahoto ne a kan ruwan da yake ciki da kuma abin da ya same shi a hanya. Abinci shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa mutumin Zamfara da kifin murjani. Daga Bagega, a ƙaramar hukumar Anka, zuwa gaɓar teku mafi kusa ya haura kilomita 600, kuma mutanen yankin Anka da Gummi da Bukkuyum suna da damuwar da ta fi ta kifin ado nesa ba kusa ba. Amma matsalar baƙon kifi da ya ƙi ci ita ce dai wadda mai tankin tarwaɗa ke fuskanta a ranar da aka sauke masa jarkokin 'ya'yan kifi, kuma ƙa'idar da ke warware ta, wato a gyara muhalli kafin a kai ga magani, babu inda aka biya ta da tsada kamar Bagega. Za a zo kan wannan. Sai an fara da ledar.

Abin da ya faru a cikin leda

Kifi yana fitar da yawancin dattin jikinsa ne a matsayin amoniya, ta matatar numfashin da ke gefen kansa. Shi ya sa dillali ke hana shi ci kafin tafiya, don dattin ya ragu. Duk da haka amoniyar tana taruwa a ledar. Abin da ke ceton kifin a hanya wani abu ne mai ban mamaki: iskar da yake fitarwa idan ya yi numfashi tana sa ruwan ya ɗan yi tsami, kuma a ruwa mai tsami amoniya tana komawa wata siffa da ba ta da dafi sosai. Ruwa ba ya tsami banza, in ji masu iya magana, kuma a nan tsamin ne garkuwa. Da zarar an buɗe ledar, iskar ta fice, tsamin ya ragu, amoniyar ta koma guba. Duk hawa ɗaya da ma'aunin pH ya yi, kason amoniya mai dafi yana ninkuwa kusan sau goma. Ruwan teku kuwa yana zaune ne a wajen 8.1 zuwa 8.3. Saboda haka mai kifin da ya buɗe leda ya bar kifin a ciki awa biyu yana ɗiga masa sabon ruwa sannu-sannu, da niyyar tausayi, yana iya ƙona masa matatar numfashi ba tare da ya sani ba. Kifin da numfashi ke yi wa wuya ba ya tunanin abinci.

Sai batun gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Kifin teku yana shan wannan ruwa ba dare ba rana, yana fitar da gishirin da ya yi masa yawa, aikin da ke cinye masa ƙarfi. Dillalai da yawa suna ajiye kifayensu a ruwan da gishirinsa bai kai na teku ba. Idan aka ɗauko kifi daga irin wannan ruwa aka jefa shi kai tsaye cikin mai cikakken gishiri, jikinsa yana rasa ruwa. Rage gishiri kifi yana jure masa da sauƙi, ƙara shi kuwa sai an bi a hankali, cikin kwanaki. Hanya mafi aminci ita ce a auna gishirin ruwan ledar, a daidaita na tankin killacewa da shi, a daidaita zafinsu, a mayar da kifin ba tare da ɓata lokaci ba, a zubar da ruwan ledar.

Kalmar killacewa ta shiga bakin kowa a 2020, amma al'adar ta tsufa. A 1377 birnin Ragusa, wanda ake kira Dubrovnik a yau, ya kafa dokar tsare masu zuwa daga wuraren annoba na kwana 30 kafin su shiga gari. Daga baya aka mayar da wa'adin kwana 40 a tashoshin Italiya, kuma daga kalmar arba'in ta harshen Benis ne Turawa suka sami sunan da suke kiran abin da shi. Bahaushe ma ya san arba'in a matsayin wa'adin da jiki mai rauni ke buƙata, ko daga zaman jego kaɗai. Masu kiwon kifin teku suna killace sabon kifi na mako huɗu zuwa shida, kuma dalilinsu yana da tushe. Ƙwayar cutar farin ɗigo, Cryptocaryon irritans, tana cin jikin kifi na kwana uku zuwa bakwai, sannan ta faɗo ƙasan tanki ta ƙulle kanta tana rarrabuwa, ta sake fitowa ɗaruruwa bayan kwanaki ko makonni. Kifi yana iya zama garau a ido ranar da aka saye shi, cutar tana ƙasa tana jira. Idan ta shiga babban tanki mai murjani, babu maganin da za a zuba ba tare da an kashe murjanin ba. Sai dai a kwashe kifayen duka, a bar tankin babu kifi na sama da wata biyu.

Akwai masu cewa killacewar ce ke hana kifi ci, domin tankin tsirara ne, babu dutse, babu yashi, babu abin tsinta, kuma da an saka shi a babban tanki sai ya ga 'yan'uwansa suna ci ya bi sahu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Kifi yana koyon ci daga wani kifin. Amma abin da hujjar ta nuna shi ne yawancin tankunan killacewa ba a shirya su da kyau ba. A babban tanki baƙon zai tarar da masu gida da suka riga suka raba wuri, za su kore shi daga kowane lungu, su cinye abincin kafin ya kai gare shi, kuma mai kifin ba zai iya sanin ko ya ci ko bai ci ba.

Yunwa ba ta kashe kifi da saurin da ake zato. Jininsa yana bin zafin ruwa, ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki kamar akuya ko kaza. Wanda ya taso kusa da fadama ya san gaiwa, wadda ke binne kanta a laka idan ruwa ya janye, ta yi watannin rani ba ci ba sha. Kifin murjani bai kai gaiwa juriya ba, amma lafiyayye mai tsoka a bayansa yana iya yin mako guda ba tare da ya ci ba. Akwai waɗanda ba su da wannan sarari: ƙanana sosai, da waɗanda suka iso da ciki a shafe, da jinsin Anthias da suka saba tsintar abinci a ruwa yini guda. Sauran kuwa, amoniya za ta kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu, tun yunwa ba ta fara aikinta ba. Kuma amoniyar nan daga abincin da aka zuba ba a ci ba take fitowa. Mai kifi ya zuba jatan lande da safe, ya zuba wani abu da rana, ya zuba na uku da dare, duk suna ruɓewa a ƙasan tankin lita 60. Kifin ya ƙara ƙin ci saboda ruwan ya ɓaci, shi kuma ya ƙara zubawa saboda kifin ya ƙi ci.

A tankin da ya daɗe, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke cinye amoniya, amma suna buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Tankin killacewa da aka cika da ruwa ranar da kifi ya iso ba shi da su. Dabarar masu kiwo ita ce su ajiye soson matata a cikin tsohon tanki na makonni, su ɗauko shi ranar da za su killace baƙo. In babu wannan, sai auna ruwa kullum da canza wani kaso nasa. A Najeriya akwai ƙarin larura da littattafan Turawa ba sa kawowa, wato ɗaukewar wutar lantarki. Ruwan gishiri ba ya riƙe oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi ƙaranci. Kifin murjani yana son zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 ba. A watan Afrilu a arewa, in fanfon iska ya tsaya na 'yan awoyi a ɗaki mai zafi, an gama. Wanda ba shi da batir ko sola da zai riƙe fanfon iska dare da rana bai shirya sayen kifin teku ba, ko nawa ne a asusunsa.

Bayan ruwa sai tsoro. Ƙaramin kifin murjani ya rayu ne a inda kusan duk abin da ya fi shi girma ke neman cinye shi, kuma bai taɓa nisa da ramin ɓuya ba. A tankin gilashi mai haske ta kowane gefe, ga mutane suna leƙe, ga yara suna ƙwanƙwasa gilashi, yana jin kansa a fili ne tsakiyar maƙiya. Guntayen bututun roba na famfo guda uku ko huɗu a ƙasan tanki, da kwali ko baƙin kyalle da aka rufe gefe uku da shi, da fitila a kashe na kwana biyun farko, sun fi kowane irin abinci mai tsada buɗe masa ciki. Mai kifin da ke son ganin abin da ya saya yakan ji haushin ɓuyar, amma kifin da ya san yana da wurin gudu shi ne ke yarda ya fito.

Sai a nan ake zuwa ga abinci, kuma tambayar farko ita ce me yake ci a teku. Kifin da aka kamo daga murjani bai taɓa ganin ƙwayar abincin gwangwani ba, bai san abinci ba ne. Abin da ke motsi shi ke tayar masa da sha'awa. Shi ya sa ake farawa da Artemia mai rai, ɗan mitsitsin jatan landen tabkin gishiri. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Najeriya sun san shi sarai, domin ƙwansa busasshe, wanda ake kwasowa da yawa daga babban tabkin gishiri na jihar Utah a Amurka, shi suke ƙyanƙyashewa su ciyar da jariran kifi a kwanakin farko. Ba shi da gina jiki sosai idan ya girma, aikinsa kawai ya koya wa baƙon cewa abin da ke faɗowa daga sama ana cinsa. Da ya fara kamawa sai a riƙa cakuɗa shi da daskararren jatan lande na Mysis, a saki a gaban fanfo don ruwa ya riƙa juya shi kamar mai rai. Kifi mai aska a gindin wutsiya, dangin Dory ta fim ɗin yara, makiyayi ne, ciyawa yake karta a jikin dutse, saboda haka busasshiyar ciyawar teku irin wadda Japanawa ke naɗe shinkafa da ita ake ɗaure masa a guntun bututu. Kifin malam-buɗe-littafi da danginsa sukan faɗa wa naman ƙumbar teku da aka buɗe aka ajiye a cikin ɓawonsa, domin tsattsaga daga abu mai tauri shi suka sani. Kifin zaki sai an fara masa da abu mai rai, sannan a koya masa karɓar yankan nama daga bakin siririn tsinke. Kowanne a ba shi kaɗan, a zuƙe abin da ya rage bayan 'yan mintoci. Tafarnuwa da ake jiƙa abinci da ita tana da masoya da yawa a wannan harka, sai dai hujjar da ke bayanta ba ta kai yawan masoyanta ba.

Akwai kifayen da babu dabarar da za ta sa su ci, kuma laifin yana wurin saye. Wasu jinsunan malam-buɗe-littafi, irin su Chaetodon ornatissimus, ba sa cin komai sai naman murjani mai rai. Kifin mandarin yana rayuwa ne kan ƙananan halittun da ke yawo a jikin tsohon dutse, abin da tankin killacewa ba shi da shi. Zanclus cornutus, mai dogon tuta a baya, ya yi suna wajen mutuwa a hannun masu kiwo. Wani bincike da Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya ƙirga kifin ado na teku kimanin miliyan 11, jinsi kusan 1,800, da suka shiga Amurka a cikin shekara guda. Kasuwar da ke sayar da jinsi 1,800 ba ta tsaya tantance wanda zai rayu a gilashi ba. Sannan ga sinadarin sayanayid. Tun shekarun 1960 wasu masu kamu a Filifin ke fesa shi a ramukan murjani don kifi ya suma a ɗauke shi da hannu. An haramta, amma bai ƙare ba. Kifin da aka kama ta haka yakan iso da launi mai kyau da hanta a lalace, ya ƙi ci ko ya ci ya rame, ya mutu bayan makonni, mai shi yana zargin kansa. Wannan sinadari dai shi ne wanda manyan kamfanonin ma'adinai ke tace zinare da shi. Kifin da aka haifa a gona, kamar yawancin dangin Nemo da ake sayarwa yanzu, ya tashi da abincin gwangwani kuma yakan ci tun ranar farko. Mai saye yana da haƙƙin ya ce wa mai shago ya ciyar da kifin a gabansa. In bai ci a shago ba, babu dalilin zaton zai ci a gida.

Gardamar jan ƙarfe

Babbar gardamar masu wannan kiwo ita ce yaushe za a fara magani. Magungunan kansu sanannu ne ga duk wanda ya taɓa shiga kemis a arewa. Praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta don tsargiya shi ke kashe tsutsar da ke manne wa fatar kifi. Chloroquine na zazzaɓin cizon sauro yana aiki a kan wasu cututtukan fata. Metronidazole, wato Flagyl, na ciki ne. Amma sarkinsu shi ne jan ƙarfe narkakke. Guba ne, kuma ana amfani da shi ne saboda yana kashe ƙwayar cuta a ma'aunin da bai kai na kashe kifi ba. Tazarar ƙanƙanuwa ce. A nau'insa mai sauƙi ana riƙe shi a tsakanin miligiram 0.15 da 0.20 a lita, na mako biyu zuwa wata guda. Ƙasa da haka cutar ta tsira, sama da haka kifin ya tafi. Ko a daidai ma'auni yana rage sha'awar abinci, yana raunana garkuwar jiki, yana taɓa bakteriyar matata.

Ɓangare ɗaya yana cewa a zuba shi tun ranar farko, domin cutar Amyloodinium, wadda ke lulluɓe matatar numfashi kamar ƙura, tana iya kashe kifi cikin kwana biyu, kuma jiran ya ci abinci jiran gawa ne. Wannan gaskiya ne a inda alamun suka bayyana: numfashi da sauri, kifin yana tsayawa a bakin fanfo yana neman iska, yana gudun haske, yana goga jiki a bututu. A irin wannan hali cutar ce ta hana shi ci, kuma magani ba ya jira. Amma a mayar da wannan doka ga kowane baƙo kuskure ne. Kifin da ya kwana biyu a leda, bai ci ba tun kafin ya hau jirgi, yana ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, in aka ɗora masa ƙarfe mai guba a kai, an haɗa masa nauyi uku a lokaci guda. In ya mutu ba za a san wanne ya kashe shi ba, a sake maimaita kuskuren da na gaba. Wanda ba ya nuna alamar gaggawa a bar shi ya huta, ya ci na kwana uku ko fiye a jere, sannan a ɗaga jan ƙarfen sannu a hankali cikin kwanaki, ana aunawa kullum. In ya daina ci a tsakiya, a tsaya a duba ruwa kafin a ƙara ko ɗigo.

Ƙarfe mai guba da tsarin wanne ke gaba tsakanin muhalli da magani ba baƙon zance ba ne a yammacin Zamfara. Ba a ɗora ran yaro da na kifin ado a sikeli ɗaya, kuma ba wannan ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne ilimin jiki da muhalli iri ɗaya ne, kuma Bagega ta nuna shi ƙarara. A farkon 2010 agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura, kamar yadda suka shaida wa masu bincike na hukumar CDC ta Amurka daga baya, amma ba wanda ya ɗauki abin a matsayin gargaɗi. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara suna mutuwa da jijjiga a garuruwa irin su 'Yargalma da Dareta, maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Dutsen zinaren da ake niƙawa a injin gari, ana shanya shi a tsakar gida, cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Agwagwa tana kiwo da baki a ƙasa da laka, yaro mai rarrafe yana kai hannu baki, ƙasa ɗaya suka ci.

Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, ana kiransa succimer, kuma MSF tana da shi. Duk da haka ƙungiyar ta ƙi fara bai wa yaran Bagega, kimanin 1,500, sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajensu. Ga iyayen da ke kallon yaro yana ramewa wannan matsayi ne mai ɗaci. Dalilin likitocin shi ne yaron da aka wanke wa jini ya koma rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon zai sake kwasar gubar, maganin ya tashi a banza, wataƙila ma ya cutar. An share wasu ƙauyuka bakwai tun 2010 da 2011, Bagega ta zauna jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012. Sai da matsin lamba ya yi yawa, har da gangamin #SaveBagega na su Hamzat Lawal, aka saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013 a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Ma'aikata tare da ƙwararrun TerraGraphics suka kankare saman ƙasa gida-gida, suka zuba sabuwa, aka fara magani a watan Afrilu. Jinkirin da ya ci yara na sakin kuɗi ne. Tsarin da likitocin suka dage a kai, ƙasa tukuna sannan ƙwaya, shi ne daidai.

Tarwaɗa a jarka

Kifin da ya fi shafar aljihun mutanen Gummi da Anka da Gusau shi ne tarwaɗa. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon ta, kuma ma'aikata da 'yan fansho da yawa sun gina tankin siminti ko sun kafa na tamfol a bayan gida. 'Ya'yan kifin sukan zo daga nesa a jarkokin da aka yanke wa sama, bayan an hana su ci na yini guda, sun sha girgizar mota da zafin hanya. Tarwaɗa tana shaƙar iska kai tsaye daga sama, tana jure ruwan da zai kashe ƙarfasa, kuma wannan juriyar ce ke yaudarar mai kiwo har ya ɗauka ruwa ba ya damunta. Ranar da aka sauke su ya watsa musu abinci don murna. Ba su ci ba, abincin ya nutse. Washegari ruwan ya fara wari, wasu suna rataye a tsaye kai a sama. Sai a garzaya kemis a sayo oxytetracycline a zuba, a tankin da ba ƙwayar cuta ce ke damunsa ba. Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwaɗa, ga shi an mayar da shi guba, an kuma bi shi da maganin da zai ƙare a cikin wanda zai ci kifin, ya ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Abin da ake yi wa kifin murjani na dubban nairori shi ya dace da ɗan tarwaɗa na 'yan nairori. A ware sababbi daga tsofaffi, kowane rukuni da komarsa da bokitinsa. A daidaita zafin ruwan jarka da na tanki kafin a juye su, musamman da hunturu, lokacin da ruwan da ya kwana a waje kan yi sanyin da ke hana tarwaɗa ci ko da lafiyarta ƙalau. A rufe wani sashe na tankin don inuwa, domin kifin duhu ce. A bar su ranar farko ba abinci, washegari da yamma a gwada kaɗan, mai ƙananan ƙwayoyi daidai bakinsu, irin wanda suka saba da shi a inda aka ƙyanƙyashe su. A rarrabe manya da ƙanana, don tarwaɗar da ta ƙi abincin buhu ba ta ƙin ƙanwarta.

A yankin da ake haƙar zinare akwai tambayar da ke gaban duk waɗannan, ita ce daga ina ruwan tankin ya fito. Kududdufin da aka taɓa wanke niƙaƙƙen dutse a ciki yana riƙe dalma a lakarsa, haka ma zaibar da ake kama zinare da ita, kuma zaiba tana taruwa a naman kifi ta wuce zuwa ga mai ci. Kifin da aka zuba a irin wannan ruwa yana iya ƙin ci, yana kuma iya ci ya yi ƙiba ya isa kasuwa. 'Yar kwalbar gwajin amoniya ba ta kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba, amma ba ta ganin dalma ko zaiba. Wannan sai an ɗebi ruwan da lakar an kai ɗakin gwaji, kafin jarkar farko ta iso.